Lafazin Turanci a ajin ƙauye: wanne za a fara gyarawa, wanne za a bari?

Malam Sabo, Ringim: Assalamu alaikum malamai. Ga wata magana da nake so mu yi kafin a dawo hutu. Yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai rubuta "people" daidai, amma da ya buɗe baki sai ka ji "fiful". Ya rubuta "very", ya ce "beri". Darasi minti 40 ne, aji cike maƙil, ga nahawu ga insha'i suna jira. Duka ba za su gyaru ba. To a cikin lafazin nan wanne ne ke hana a fahimci yaro, wanne ne kuma kawai yake nuna cewa daga Arewa ya fito?

Malam Lawan, Dambatta: Wa alaikumus salam. Malam Sabo, ni ban yarda a bar komai ba. Takarda ta uku ta Turanci a WAEC tambayoyi 60 ne cikin minti 45, duk a kan sauti: wasula, baƙaƙe, kalmomin da ƙarshensu ke amo ɗaya, ƙarfin gaɓa da alamomin furuci. Ma'aunin da suke bi na Ingila ne. Yaron da ya ɗauka "thin" da "sin" abu ɗaya ne ya zubar da maki, kuma babu mai tambayarsa daga ina ya fito.

Hajiya Rabi, Gumel: Gaskiyarka kan jarrabawa, Malam Lawan, amma ka tuna zaɓen amsa kawai ake yi a cikinta. Ba a buɗe baki a ɗakin. Saboda haka aiki biyu ne a gabanmu, kuma haɗa su da muke yi ne yake cinye mana lokaci. Na farko yaro ya san wane sauti ne a cikin kalma don ya zaɓi amsa. Na biyu ya yi magana a gane shi a asibiti, a banki, a jami'a, ko a waya da wanda bai taɓa jin Hausa ba.

Kan na biyun akwai binciken wata masaniyar harshe, Jennifer Jenkins, na shekarar 2000. Ta saurari hirar mutane daga ƙasashe daban-daban waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, ta bi diddigin inda magana ke tsinkewa a tsakaninsu. Abin da ta gano: sautukan "th" guda biyu ba su cika kawo ruɗani ba ko da an musanya su. Amma sauran baƙaƙe, da tsawon wasali, da cunkoson baƙaƙe a farkon kalma, da kalmar da aka ƙarfafa a jimla, waɗannan in suka goce, ma'ana ta tafi. Kuma yau masu jin Turanci da suka koye shi kamar mu sun ninka waɗanda suka tsotse shi a nono. Yaronmu ya fi kusa da yin ciniki da ɗan Indiya ko ɗan Sin ko ɗan Inugu fiye da ɗan Landan.

Malam Sabo, Ringim: Hajiya, ke nan "p" da "f" suna cikin na dole.

Hajiya Rabi, Gumel: Su ne a sahun gaba. "Copy" da "coffee", "supper" da "suffer", "pool" da "fool", "pile" da "file". Kowace biyu kalmomi ne masu rai, ana amfani da su kullum.

Malam Nasiru, Rano: Bari in faɗi dalilin da ya sa wannan ta fi taurin kai, don in ba a san dalilin ba sai a yi ta ce wa yaro "maimaita" har a tashi. "F" ɗin Hausar Kano da leɓe biyu ake yin ta, haƙori ba ya shiga. Wani lokaci laɓɓan su matso iska ta wuce, wani lokaci su rufe gaba ɗaya ta fito kusa da "p". Ko wacce ta fito, kalmar ba ta canza ba: fari fari ne. A Sakkwato ma sai ka ji "hwari". Kunnen yaro ya tashi yana jin su a matsayin sauti ɗaya. Duba kalmomin da muka aro: fensir, fasinja, famfo, fenti, fakiti, firamare. Duka da "p" suka zo.

Shi ya sa kunne ake fara gyarawa kafin baki. A rubuta "pan" a hagun allo da lamba 1, "fan" a dama da lamba 2. Malami ya faɗi ɗaya, yara su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu, ba surutu. Zagayen farko suna kallon bakinka. Zagaye na biyu ka rufe baki da littafi. A nan za ka ga gaskiya, domin hannaye za su rabu biyu. Kada a wuce wannan mataki sai yawancin ajin suna cin takwas cikin goma.

Sannan baki. Don "f", haƙoran sama su zauna a kan leɓen ƙasa, a hura, a ja ta har numfashi ya ƙare. Yaron da laɓɓansa suka ƙi rabuwa, ya sa yatsa ya ɗaga leɓen sama, dole "f" ta fito tunda babu abin da zai rufe. Don "p", a yagi takarda mai faɗin yatsa biyu a riƙe gaban baki, a rufe laɓɓa, a saki da ƙarfi. In takardar ba ta yi tsalle ba, ba a yi ba. Ka gaya musu "f" tana jawuwa, "p" fashewa take yi sau ɗaya.

Abin da ke ɓullowa bayan mako ɗaya shi ne wuce gona da iri. Yaro ya gano akwai "p", sai ya zuba ta ko'ina, ka ji "pipty" a maimakon "fifty". Kada a ɗauka ya koma baya, alama ce bakin ya fara motsi. Maganinsa kalmomin da ke ɗauke da su biyun: "perfect", "profit", "helpful", "prefer".

Malama Zainab, Kazaure: Allah ya saka da alheri, Malam Nasiru. "V" kuma bayan "f" take zuwa, kada a yi gaggawar haɗa su a mako ɗaya. Mun mai da ita "b" tun tuni: direba, talabijin, bidiyo, shebur. Hanya mafi sauƙi a bi ta "s" da "z" tunda muna da su. Yara su dafa maƙogwaro, su ja "sss", sannan "zzz", su ji rawar da ta taso. Sai a ce su yi "fff", su kunna wannan rawar ba tare da sun motsa haƙori daga leɓe ba. Shi ke nan "v" ta samu. A gwada da "vote" da "boat", "van" da "ban", "vest" da "best". Wanda "f" ɗinsa ba ta zauna a haƙori ba tukuna, "v" ɗinsa za ta koma "b" ko "w".

Alaramma Isa, Birnin Kudu: Malaman boko, ku ba ni dama in sa baki. Kuna neman abin da ke cikin aljihunku. Yaran nan da yamma suna Islamiyya, kuma duk wanda ya fara tajwidi an koya masa mafitar haruffa. Harafin ف daga cikin leɓen ƙasa yake fita tare da kan haƙoran gaba na sama. Wannan ita ce "f" ɗin da Malam Nasiru ya kwatanta, ba bambanci. Harafin ث da na ذ daga kan harshe suke fita tare da kan haƙoran sama. Na farkon shi ne sautin farkon "think", na biyun shi ne na "this".

Dalilin da ya sa muke cewa "sink" da "zis" shi ne dalilin da ya sa muke cewa Usman, hadisi, misali, sulusi, zikiri, zunubi. Larabcinsu da ث da ذ ne, Hausa ta sauke su a kan "s" da "z". Amma yaron da ya iya gyara su a karatun Alƙur'ani harshensa ya riga ya san hanya. Ku rubuta harafin Larabcin a saman "th" a allo, ku kira mai tajwidi a ajin ya karanta wa 'yan uwansa.

Malam Lawan, Dambatta: Allah ya gafarta Malam, wannan ta warware min rabin damuwata. In "th" za ta samu cikin arha haka, ba dalilin barin ta.

Hajiya Rabi, Gumel: Ban ce a jefar da ita ba, cewa na yi kada ta ci makonnin farko. Da dabarar Alaramma darasi biyu sun isa yaro ya gane ta a takarda. In ya dawo yana cewa "zis" a hira, a ƙyale shi. Bafaranshe da Bajamushe ma haka suke faɗa, kuma ana kasuwanci da su a duniya. Balarabe yakan mai da "p" ta koma "b". Mutanen Kudu da yawa "t" da "d" suke sa wa a gurbin "th". Farfesa Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster ta Ingila a 1982 a kan bambancin lafazin Turanci a Najeriya, kuma tun a lokacin an nuna Turancin Bahaushe yana da tsarinsa daban da na Kudu. Kowane harshe yana barin sawunsa.

Malam Nasiru, Rano: Sai cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, don haka muke cusa wasali a tsakani: burodi, gilashi, fursuna, bulo, sitiyari. Yaro zai ce "sukul", "sitirit". Cusa wasali ya fi yanke baƙi sauƙin illa, don mai sauraro yana iya tsinto kalmar. Matsalar tana inda cusawar ta haifi wata kalma: "sport" ta zama "support", "blow" ta zama "below". A gina kalmar daga baya: "rain", "train", "strain". Ko a ja "s" ɗin kamar hucin maciji sannan a faɗa kan sauran, "sssss-top", a riƙa gajarta jan har ya ɓace.

Malama Zainab, Kazaure: Wannan cutar tun daga aji ɗaya na firamare ake shuka ta. Masu bin tsarin Jolly Phonics, na koyar da karatu ta sautukan haruffa, sun san sautuka 42 ne, rukunin farko s, a, t, i, p, n. In malama ta koyar da su a matsayin "sa, a, ta", yaro zai haɗa "sat" ya karanta "sa-a-ta", kuma haka zai tafi da ita sakandare. Baƙin a fitar da shi tsurarsa, ba wasali a bayansa. Sannan a lura da yaron da ya fara karatu da Hausa: "c" a wurinsa ta "ciki" ce, zai ga "cat" ya karanta "chat". A gaya masa ƙarara cewa harafi ɗaya ne amma aikinsa ya bambanta a harsunan biyu. Hausar da ya iya ba ita ce ta ɓata shi ba, rashin wannan bayanin ne.

Ƙarshen kalma ma akwai aiki. "-ed" kala uku ce. Bayan "t" ko "d" ne kawai take zama gaɓa, kamar "wanted" da "needed". A "walked" da "passed" sautin "t" ne, gaɓa ɗaya. A "played" da "begged" sautin "d" ne. Yara suna ganin "e" a rubuce su ce "wok-ed".

Malam Sabo, Ringim: To wasula fa? Nan ne nake ganin ba mafita. Turanci na da 20, mu biyar.

Malam Nasiru, Rano: Biyar a rubuce, Malam, goma a baki, tunda kowanne yana da dogo da gajere, ga kuma "ai" da "au". Wannan gata ne da ba kowa ke da shi ba. Rubuta "gari" a allo ka ce su karanta: garin da ake zama a ciki, da garin da ake tuwo da shi. Ko "dafa" abinci da "dafa" kafaɗa. Da sun ji bambancin, ka kawo "ship" da "sheep", "live" da "leave", "full" da "fool". Ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, domin gajeren na Turanci ya fi sakin baki, amma tsawon kaɗai ya isa a gane.

Inda ake shan wuya shi ne "cat", "cut", "cart" da "curt", huɗun duk suna faɗawa cikin "a" ɗinmu. "Cut" tana kusa da gajeren "a" na garin zama, "cart" tana kusa da dogon. Saura biyu. "Cat" a buɗe baki gefe da gefe kamar mai murmushi, kuma a hana ta zama "kyat", irin yadda muka samu kyandir da kyaftin. Wasalin "curt", wanda ke cikin "bird", "first", "work", "nurse", shi ya cancanci mako guda shi kaɗai: harshe a kwance a tsakiya, laɓɓa a sake, a ja shi. In ba haka ba "first" ta zama "fast", "heard" ta zama "hard".

Malam Lawan, Dambatta: Ni kuwa ƙarfin gaɓa ne ya fi damuna, kuma a nan na san Hajiya ba za ta musa ba. Hausa karin sauti take bi, kowace gaɓa tana samun haƙƙinta. Turanci gaɓa ɗaya yake ɗagawa ya danne sauran. Akwai ƙa'idojin da ba su cika ba da kunya ba: kalmar da ta ƙare da "-tion", "-sion", "-ic" ko "-ity", ƙarfin yana kan gaɓar da ke gabanin ƙarshen nan. EduCAtion, deCIsion, ecoNOmic, aBIlity. Kalmomi masu gaɓa biyu da ke zama suna su zama aikatau, da yawansu suna a farko, aikatau a ƙarshe: REcord da reCORD, PREsent da preSENT. A sa su buga benci, bugu mai ƙarfi a babbar gaɓa, ɗan taɓi a ƙanana. Yaran da suka tashi da jin kalangu ba sa ɓata lokaci a nan.

Kuma don Allah a ba lambobi rana guda. ThirTEEN da THIRty, fifTEEN da FIFty. Wannan kuɗi ne a kasuwa, awon magani ne a asibiti.

Hajiya Rabi, Gumel: Ban musa ba, har zan ƙara. Tambayoyin WAEC da ake rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe a ce zaɓi tambayar da jimlar ke amsawa, ta Hausa ake buɗe su. Mu da "ne" da "ce" muke nuna abin da muke nufi. Audu ne ya sayi akuya. Akuya ce Audu ya saya. Saye Audu ya yi, ba aro ba. Bature ba ya motsa kalma daga wurinta, murya yake ɗorawa a kanta. Rubuta jimlolin Hausan uku a gefe ɗaya, ta Turancin ɗaya tak a ɗaya gefen, ka sa su karanta ta sau uku. Ranar za su daina caca a wannan sashe.

Malama Hauwa, Sumaila: Ina biye da ku tun ɗazu. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ke rufe bakin yara, musamman 'yan mata. Yarinya ta yi ƙoƙarin fitar da "p" daidai, bayan aji a ce tana iyayi, tana ƙaƙale. Ta faɗa yadda ta saba, a yi mata dariya in ta shiga birni. Sai ta zaɓi shiru, kuma wanda ya yi shiru ba abin da za a gyara masa. Don haka a fara da amshi na ajin gaba ɗaya, sannan layi-layi, sannan bibbiyu, ɗaiɗai a ƙarshe. Kada a katse yaro yana tsakiyar ba da amsa don lafazi. A rubuta kalmar a gefen allo, a dawo mata a ƙarshen darasi ba tare da kiran sunan kowa ba.

Sannan su san cewa ba a neman su zama Turawa. Jarrabawar Turanci ta IELTS da ma'aikatan jinya ke yi don fita waje, sashen magana minti 11 zuwa 14 ne, lafazi kashi ɗaya ne cikin huɗu na makin, kuma abin da ake aunawa shi ne sauƙin fahimtar mai magana. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya, har da "Kannywood" da "okada". A Ingilar ma ɗan Liverpool da ɗan Landan ba bakinsu ɗaya ba.

Malam Sabo, Ringim: Wata kuma: yara suna jin na Amurka a TikTok, su zo da shi aji. A hana?

Malam Lawan, Dambatta: A magana a bar su. A takarda a koya musu na Ingila, a faɗa musu inda aka rabu: Ba'amurke yana furta "r" a "car" da "hard", na Ingila da ake jarrabawa da shi ba ya yi. Shi ya sa a WAEC "court" da "caught" sauti ɗaya ne.

Mu ma malamai mu duba kanmu. Kafin kowane darasi a zaɓi kalmomi biyar a saurare su a ƙamus ɗin Cambridge ko Oxford na waya, akwai maɓallin Ingila da na Amurka. Haruffan da ba a furtawa su suka fi kama mu: "b" a "plumber", "debt" da "comb", "t" a "listen", "w" a "sword", "d" ta farko a "Wednesday". Baƙi biyu a rubuce kuma ba a nanata shi kamar na "hannu" ko "kulle". "Summer" da "m" ɗaya ake faɗin ta.

Malama Zainab, Kazaure: Inda sabis ba ya kamawa, a sauke sautukan ranar da aka shiga gari, a zuba a memori, a samu ƙaramar sifika mai caji. Gajeru, kada su wuce daƙiƙa 30, a maimaita sau uku. Kuma a ɗauki muryar yara biyar a makon farko suna karanta jimloli goma, a sake ɗauka da jimlolin nan a makon ƙarshe. Yaro ba ya jin kuskurensa yana cikin magana, amma yana jin sa a waya.

Hajiya Rabi, Gumel: Ga yadda zan raba zango mai mako 12, minti goma sau uku a mako, a farkon darasi. Mako uku na farko "p" da "f". Biyu "v" da "b". Biyu dogo da gajeren wasali. Ɗaya wasalin "bird". Biyu cunkoson baƙaƙe da "-ed". Biyun ƙarshe ƙarfin gaɓa da lambobi. "Th" da alamomin furuci su shiga zango na biyu, a ƙara musu lokaci ga 'yan ajin ƙarshe saboda Malam Lawan.

Malam Lawan, Dambatta: Na karɓa, amma ƙarfin gaɓa kada ya jira mako na 11. Duk sabuwar kalma da za a rubuta a allo, a kowane darasi, a ja layi a ƙarƙashin babbar gaɓarta.

Malama Hauwa, Sumaila: Malam Nasiru, tambaya ɗaya kafin a tashi salla. Me ya sa wasu yara ke cewa "teng" a maimakon "ten"?

Malam Nasiru, Rano: Faɗi "nan" ko "can" a hankali, Malama, ki lura da inda harshenki yake a ƙarshe. Bayansa ne ya tashi, kansa bai taɓa komai ba. "N" ɗin ƙarshen kalma a Hausa haka take fita, daidai da ƙarshen "sing". Ke nan sautin "sing" suna da shi kyauta, na "sin" ne babu. Ki sa su ce "tena", sannan su sake faɗa su tsaya kafin "a" ɗin, kan harshe na manne a bayan haƙoran sama. Ki gwada da "sin" da "sing", "ban" da "bang", "thin" da "thing". Ki sa ta cikin makonnin cunkoson baƙaƙe, darasi ɗaya ya ishe ta.